"Allah Ya Ƙara Basira" Addu'a Ce, Ba Sharhi Ba

Watannin baya na je taron ƙaddamar da wani littafi a wani ɗakin taro nan cikin garin Katsina. Wuri ya cika, manyan baƙi sun jeru a gaba, maroƙi na ta aikinsa. Da aka zo kan mai sharhin littafi, sai ya miƙe ya gyara babbar riga, ya yi kusan rabin awa yana magana. Ya kawo asalin marubucin tun daga kakanni, ya lissafa makarantun da ya yi, ya faɗi yawan shafuka da yawan babi, ya yaba kyan bango da ingancin takarda. Daga nan ya ce littafi ne da ya kamata a samu a kowane gida, ya roƙi gwamnati ta sa shi a manhajar makarantu, ya rufe da "Allah ya ƙara basira". Aka yi tafi, aka shiga shelar kuɗin da kowane babban baƙo ya sayi nasa kwafin.

Ni kuwa littafin yana kan cinyata, kuma na riga na karance shi tun mako guda kafin taron. Na san akwai wurare biyu ko uku da marubucin ya yi abin a yaba, musamman inda ya kwatanta zaman makoki a gidan da kishiyoyi ba sa ga-maciji da juna. Na kuma san cewa mahaifin jarumar, wanda aka yi wa jana'iza a babi na huɗu, shi ne ya dawo a babi na tara yana karɓar sadakinta, ba tare da an ce mana uffan ba.

Mai sharhi bai taɓo ko ɗaya ba. Bai nuna inda aka gwaninta ba, bai nuna inda aka yi tuntuɓe ba. Ko dai bai karanta ba, ko kuwa ya karanta ya yi kara. Na biyun ya fi damuna, domin shi ne ciwon da ke jikin yawancinmu, har da ni. Na daɗe ina koyar da Hausa a makarantun sakandare, na zauna da masu karatu iri-iri, kuma abin da na lura shi ne, idan ana maganar littafin Hausa a bainar jama'a, baki biyu gare mu. Ko mu yi addu'a mu tashi, ko mu saki littafin mu kama mai shi: ba ta da tarbiyya, ɗan wane ne shi ya sa aka buga masa, neman suna kawai take yi. Tsakanin addu'ar da zagin akwai fili mai faɗi inda ya kamata ra'ayin mai karatu ya zauna, inda mutum zai ce nan ya yi mini daɗi saboda kaza, nan kuma bai yi ba saboda kaza. Wannan filin ne muka bari ciyawa ta cinye. Ni a ganina duk wanda ya sa kuɗinsa ko lokacinsa ya karanta littafi yana da haƙƙin ya faɗi abin da ya gani, kuma idan ya yi shiru don kara, to ya cuci mutum biyu: marubucin da zai sake maimaita kuskuren, da mai karatun da zai saya bayansa.

Yayata ce ta fara koya mini yadda ake auna littafi, ita da karatun bokonta ya tsaya a firamare. A shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya suka cika gari, ni ne ɗan aikenta zuwa wurin mai hayar littattafai. Nakan karɓo mata da la'asar, ta karanta bayan isha'i a gaban fitilar ƙwai, gari na wayewa ta miƙo mini tare da hukuncinta. Wata safiya ta ajiye mini wani a kan tabarma ta ce, "Kai ɗan nan, mayar masa, ka ce kada ya ƙara ba ka na wannan matar."

Na ce, "Me ta yi, Yaya?"

Ta ce, "Mace ta haihu kwana uku, wai ta yafa mayafi ta tafi kasuwa ita kaɗai neman mijinta. Ina uwarta? Ina ruwan wanka? Ko suna ba a yi ba. Wadda ta rubuta wannan ba ta taɓa zama a ɗakin mai jego ba."

Wani karon kuma ta riƙe wani littafi har kwana uku, ta yarda ta biya kuɗin hayar kwanakin da ta ƙara, saboda hira guda ɗaya da ke ciki tsakanin uwa da 'yarta a daren da za a kai amarya. Ta karanta wurin ya fi sau biyar. Abin da ta ce shi ne, "Wannan ta san abin da uwa ke faɗi, ta kuma san abin da uwa ke hadiyewa." Daga baya na yi karatun nazarin adabi, na koyi jigo da zubi da salo da tauraro, amma har yau ban ga abin da ya wuce ƙa'idar da Yaya ke bi ba. Takan nuna wurin, ta faɗi dalili, kuma ba ta taɓa cewa marubuciyar mutuniyar banza ce ba. Cewa ta yi ba ta san ɗakin mai jego ba, wanda abu ne da ake iya sani idan an tambaya.

Irin Yaya suna da yawa a garin nan. Akwai wani tela da muke zama a shagonsa da dare wajen Ƙofar Ƙaura, wanda ke sauraren littattafan da ake karantawa a YouTube yana ɗinki. Ran nan ya tsayar da keke ya cire abin kunne ya ce mini, "Malam, ka ji wata magana. An ce tsohuwar nan 'yar Masanawa ce, ba ta taɓa barin Katsina ba, amma bakinta na Kanawa ne. 'Yata, 'yata take ta faɗi. Wace tsohuwa ce a cikin garin nan za ta ce 'yata ba ɗiyata ba?" Ya kuwa yi gaskiya. Wannan gyara ne da marubucin zai so ya ji tun kafin littafi ya fita. Amma a shagon tela maganar za ta mutu, kamar yadda ta Yaya ke mutuwa a tsakar gida. Da za a haɗa telan nan da marubucin gaba da gaba, na tabbata abin da zai ce shi ne, "Kai, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira."

Masu cewa sukar littafi ba al'adarmu ba ce, sun manta garin da suke zaune. Katsina ta yi suna da karatu tun kafin a san boko, kuma rabin karatun zaure sharhi ne. Wali Ɗan Masani, wanda ya rayu a ƙarni na 17, sharhi ya rubuta wa Ishiriniyar Alfazazi. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya ji shi yana cewa wannan ƙaulin shi ne mashhuri, wancan kuma mai rauni ne, alhali mai ƙaulin babban malami ne da ake yi wa addu'a duk sanda aka ambace shi. Ana rubuta wa littafi sharhi, a rubuta wa sharhin hashiya, na baya ya gyara wa na gaba cikin ladabi. Tabbas akwai taƙrizi, wato yabon da babban malami ke rubuta wa littafi a farkonsa, amma malamai ba su taɓa ɗaukar taƙrizi a matsayin sharhi ba. Mu ne muka riƙe taƙrizin muka yar da sharhin.

Haka ma rubutun zube na boko. A 1933 Rupert East, wani Baturen jami'in ilimi na zamanin mulkin mallaka, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a ƙarƙashin Hukumar Fassara da ke Zariya, kuma Katsina na da babban kaso a abin da ya fito. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yana da shekara 22. Wansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, a Kwalejin Katsina ya yi karatu, ginin da yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi. Abin da ake yawan mantawa shi ne waɗannan littattafai sun bi ta hannun mai gyara kafin su fito. A 1936 aka ɗauki Imam aro zuwa Zariya, ya zauna kusa da East yana rubuta Magana Jari Ce, ana dubawa ana mayar masa yana sakewa. Hausar da muke jin kamar daga bakin Imam ta zubo haka nan, ta sha gyara. Da kara aka yi masa tun a rubutun farko, ban tsammanin za mu samu abin da muka samu.

To amma yau gwada ka ce ga aibin ɗaya daga cikinsu, ka ga yadda za a dube ka. Ni kuwa zan faɗa, domin na koyar da su shekara da shekaru, kuma ƙaunar da nake yi musu ce ta sa na san inda suke ɗingishi. Ruwan Bagaja ba shi da na biyu wajen raha da sarrafa harshe. Duk ajin da na karanta wa karon Alhaji Imam da Malam Zurƙe sai ya ɓarke da dariya, har yaran da ba sa son Hausa. Sai dai labarin neman ruwan kansa yakan ɓace na tsawon shafuka, ya zama jerin gwanon dabaru da ramuwar gayya waɗanda za ka iya sauya musu wuri ba tare da komai ya lalace ba. Mata kuwa a cikinsa wucewa kawai suke yi, ba ka samun wadda za ka ce ka san halinta. Ganɗoki yana farawa da ƙarfi, da kirari da ƙarar yaƙin zuwan Turawa, har ka ji tsigar jikinka na tashi, sannan ya kauce ya shiga duniyar aljannu, ya dawo ya sauka a kan yabon zamanin da ya fara da yaƙa. Wata ɗaliba ta taɓa tambayata a aji, "Malam, me ya sauya masa ra'ayi?" Na ce mata ta tuna wa ya shirya gasar, kuma wa ke mulki a 1933. Shaihu Umar kuma, ni abin da ke riƙe ni a cikinsa ba Umar ba ne. Shi abubuwa ne ke faruwa da shi, yana karɓa da haƙuri daga farko har ƙarshe. Uwarsa, wadda ta bar gida ta ratsa hamada tana nemansa har ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ita ce ran littafin, kuma shafukan da aka ba ta sun yi kaɗan. Ko Magana Jari Ce, wanda kowa ya san ya tsamo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya ya sa musu rigar Hausa, littafi na ɗaya ya fi sauran kama zuciya, domin a nan ne aku ke ba da labari da dalili mai ƙarfi: hana Musa ɗan sarki fita ya faɗa tarkon Waziri. Zuwa na uku wa'azi ya fara yi wa labari yawa.

Faɗin haka bai rage wa waɗannan bayin Allah komai ba. Abin da ke rage musu daraja shi ne a mayar da su kayan ado, a riƙa ambaton sunayensu a taro ba a buɗe su. Yaro ya haddace sunan marubuci da shekarar bugu don jarrabawa, amma ba a taɓa ba shi izinin ya ce wannan babin ya gundure ni ba, balle a tambaye shi dalili.

Lalacin da ke sa mu ɗaga tsofaffin littattafai sama ba mu karanta ba, shi ne dai ke sa mu yi wa sababbi kuɗin goro. "Littattafan soyayya ai ɓata tarbiyya suke yi." Na ji wannan jumla ya fi a ƙirga, kuma duk sanda na ce wa mai faɗinta wanne daga ciki, a wane shafi, sai ya ce shi ai ba ya karanta irin waɗannan. Dubban littattafai, ɗaruruwan marubuta, an yanke musu hukunci da baki ɗaya. Akwai na banza a cikinsu, ba na musu. Akwai masu jan labarin da bai wuce littafi guda ba har zuwa na huɗu don a sayar. Akwai waɗanda kowane saurayi ɗan minista ne da ya yi karatu a Ingila, a ɓata shafi biyu ana kwatanta motarsa da agogonsa. Akwai waɗanda idan labari ya cushe wa marubuci sai ya kawo hatsarin mota ko boka ya warware masa. Akwai kuma masu batsa tsagwaronta, musamman yanzu da waya ta cire mai gyara da mai shago daga tsakani. Amma a cikin wannan tulin ne aka samu matan da suka rubuta auren dole da sakin wulaƙanci da zaman kishi daga cikin ɗaki, da muryar waɗanda abin ya shafa. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa 'yar jihar nan ce, kuma na san gidaje da dama da littattafanta suka sa 'yan mata suka nace sai sun ci gaba da karatu. Kafin su, Sulaiman Ibrahim Katsina ya riga ya nuna a Turmin Danya, a farkon shekarun 1980, cewa ƙagaggen labarin Hausa zai iya kallon fasa-ƙwauri da cin hanci ido da ido, abin da duk wanda ya san hanyar Jibiya ya san ba tatsuniya ba ne. Wanda ya ƙi karantawa ba zai iya raba tsaba da tsakuwa ba, kuma hukuncinsa ba ya gyara kowa.

An taɓa yin muhawara ta gaske a kan wannan, kuma 'yan jihar nan na tsakiyarta. Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa wa waɗannan littattafai suna Adabin Kasuwar Kano, ya soke su ba sassauci. Ibrahim Sheme ya buɗe shafin adabi na jaridar New Nigerian aka yi ta fafatawa a shekarun 1990, Abdalla Uba Adamu da wasu suka tsaya wa marubutan. An yi zafi, wani lokaci har ya wuce kima. Amma kowa ya sa sunansa a ƙarƙashin maganarsa, kuma an karanta abin da ake gardama a kai. Ban yarda da duk abin da kowannensu ya faɗa ba, sai dai wannan gardamar ta amfani adabin Hausa fiye da tarukan ƙaddamarwa ɗari.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa. Za a ce marubucin Hausa ba shi da kowa. Shi ke rubutawa, shi ke biyan maɗaba'a, shi ke yawo da littafi a jaka yana talla, ga tsadar takarda, ga masu ɗaukar hoton shafuka suna rabawa kyauta. Mutumin da ke cikin wannan hali, a zo kuma a karya masa gwiwa? Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce ta sa ni kaina na yi abin da har yau nake nadamarsa.

Wani tsohon ɗalibina ya kawo mini rubutunsa na farko, a cikin littattafan rubutu guda uku da ya ɗaure da roba. Na karanta cikin dare biyu. Yaron yana da kunnen jin magana, hirarsa kamar kana tsaye a bakin kasuwa. Amma shafuka arba'in na farko ba abin da ke faruwa a ciki, ƙarshen kuma ya tattare shi a gurguje kamar wanda ake kira a waje. Ga rubutun ba ƙugiya, baki da baƙi duk ɗaya, kasa da ƙasa duk ɗaya, rabin kalmomin a manne da juna. Da ya dawo ya zauna a gefen tabarma a zaurena, ya tanƙwashe ƙafa, idonsa na kaina. Na dubi yadda ya ƙagu, na ce, "Masha Allah, ka yi ƙoƙari ƙwarai. Allah ya ƙara basira." Ya tashi yana murna. Ya sayar da raguna biyu da yake kiwo ya kai maɗaba'a. Bayan shekara guda katan-katan na littafin suna jibge a ɗakinsa, waɗanda suka saya kuma ba wanda ya nemi na biyu. Wata rana bayan sallar la'asar ya tare ni a ƙofar masallaci, ya gaishe ni har ƙasa, sannan ya ce, "Malam, don Allah in tambaye ka. Kurakuran nan ka gan su tun wancan lokacin?"

Na ce na gani.

Ya ce, "To Malam, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ban sami abin ce masa ba. Na ɗauka tausayinsa na ji a wancan ranar, amma da na zauna na bincika zuciyata sai na ga kaina na tausaya wa. Na guje wa nauyin kallon fuskarsa na minti goma, shi kuma ya biya da ragunansa da shekara guda ta rayuwarsa. Tun daga ranar na daina yarda cewa kara ga marubuci alheri ne. Gwiwar da ake tsoron karyawa da magana, kasuwa za ta karya ta, kuma kasuwa ba ta bayyana dalili.

Za a kuma ce, wane ne mai karatu da zai yanke wa littafi hukunci, bai taɓa rubuta ko shafi ɗaya ba? Wannan ita ce garkuwar da marubuta da yawa ke ɗagawa: "In ka isa ka rubuta naka." Ai ba sai ka iya tuƙa tuwo ba kake sanin mai gudaji. Don mai karatu aka yi littafin, idan bai gane ba ko ya gaji a tsakiya, wannan labari ne da marubuci ke bukatar ji. Ba na cewa duk abin da mai karatu ya faɗa daidai ne. Wani zai ƙi littafi don kawai an kashe tauraron da yake so, wata za ta yabe shi don an hukunta kishiya. Ra'ayi ne, yana iya zama kuskure. Shi ya sa nake nacewa a kan dalili da nuna wuri. Idan ka ce mini babi na uku ya yi tsawo saboda an maimaita rigimar da aka riga aka yi a na biyu, zan iya buɗewa in duba, in yarda ko in yi maka gardama. Idan kuwa ka ce littafin ya haɗu, ko ka ce shirme ne, ba ka ba ni komai ba.

A waya abin ya fi muni. Marubuciya na sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, masu karatu na biye da ita kullum, wanda dama ce da Imam bai taɓa samu ba: ka ji daga bakin mai karatu tun labari bai ƙare ba. Amma me ake rubuta mata? A ƙaro mana, mun gode, Allah ya ƙara basira. Idan wata ta yi ƙarfin hali ta ce ga inda lissafin shekarun yarinyar bai yi daidai ba, sai masoya su yi mata ca, a kira ta mahassadiya, a ƙarshe a cire ta daga zauren. Marubuciyar da ta saba da wannan za ta yi littafi goma ba ta ƙaru da komai ba, domin ta kori duk mai gaya mata gaskiya. A nan laifin na marubuta ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya ɓata lokacinsa ya nuna maka shafi da layi ya fi ƙaunar aikinka a kan wanda ya aiko maka da hoton fure.

Mu malaman makaranta ma da namu. Muna tambayar yara jigon littafi da sunayen taurari, amsa ɗaya tak ake karɓa. Ban cika ganin takardar jarrabawar da ta ce wa yaro, kawo wuri guda da marubucin ya gaza, ka kafa hujja ba. Na fara yin haka a ajina 'yan shekarun nan. Makon farko shiru suka yi, suna ganin tarko ne. Daga baya sai ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tana gardama da ɗan gaban aji a kan ko Malam Zurƙe azzalumi ne ko wanda aka zalunta, kowa na buɗe shafi yana karantowa. A wannan zangon ne na ga yara sun karance littafin manhaja tun ba a ce su karanta ba.

Tsohon ɗalibin nan nawa bai daina rubutu ba. Bara ya kawo mini na biyu, wannan karon an buga a kwamfuta. Na ce ya ba ni wata guda. Na bi shi da jan biro layi-layi, na ba telan Ƙofar Ƙaura wasu babi ya duba bakin mutanen ciki, sannan na kai wa Yaya. Idonta ya yi rauni yanzu, jikarta ce ke karanta mata bayan magariba. Da na koma karɓa ta ce in zauna.

Ta ce, "Ka gaya wa yaron nan, matar da aka saka ba ita ke kwashe kayan ɗakinta a daren ba. Danginta ke zuwa daga baya, su kwance gado, su ƙirga kwanuka, maƙwabta na leƙe. A nan baƙin cikin yake, shi kuma ya tsallake shi. Amma wurin da uban ya zo har ƙofar zaure ya kasa shiga, ya tsaya yana gyara takalminsa, ka ce masa kada ya taɓa ko kalma ɗaya. Sau biyu na sa yarinyar nan ta maimaita mini."

Na isar masa da saƙon kamar yadda aka ba ni, na haɗa da nawa da na tela. Ya daɗe yana juya shafukan, yana kallon jan biron da ya cika su, bai ce komai ba. Can ya ɗago ya ce, "Malam, ara mini biron." Ya ja layi a kan shafuka goma sha ɗaya na farko gaba ɗaya. Sannan ya tambaye ni ko Hajiya za ta yarda ya zo da kansa bayan salla, ya zauna daga bakin ƙofa, ta faɗa masa yadda ake kwashe kayan ɗaki.